Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Ranar Talata ce, gero ya fitar da kai. Da safe Kaka ta zaunar da ni a ƙofar ɗaki tana tsefe mini kitso. Inna na daka. Baba na gyaran jinkar rumbu.

Da hantsi muka ji babura daga gabas. Kaji suka riga mutane gudu.

Masu baburan suka daka tsawa, "Kowa ya kwanta! Ina shanun?"

Baba yana tsaye da igiya a hannu. Harbi biyu. Ya faɗi bai saki igiyar ba.

Inna ta goya Sa'adu, ta ja Hajara, muka faɗa cikin gero. Kaka ta biyo mu har kwarin bayan gari. Nan ƙafarta ta ƙi. Ta zauna gindin sabara, ta kore mu da hannu kamar tana korar tumaki. Da azahar ƙaurin rumbuna ya iske mu. Da la'asar muka tsallaka iyaka, rabin kaina a tsefe.

Wani ƙauye ne a ƙasar Konni. Abin da na fara gani, awaki a sake, ba mai tsaronsu. Mutanen ƙauyen suka ba mu zana da fura.

Bayan sati uku mutanen magajin gari suka zo da babban littafi. Suka ce za a ƙirga baƙi a sa su cikin tsarin baɗi: rijiya, magani, benci a lakwal, wato makarantar boko. Wanda aka rubuta, da shi za a yi.

Inna tana takaba, fuskarta a rufe. Mai rubutu ya duƙa bakin zana.

"Sunan mai gida?"

Mace ba ta kama sunan mijinta. Ya ja layi.

"Ɗiya fa? Faɗi sunayensu."

"Hajara. Sa'adu."

Ta tsaya nan. Ni ce 'yar fari, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ko ta lissafa shi gaban baƙo. Wannan aikin kaka ne. Ina tsaye bayan randa da moɗa a hannu. Mai rubutu ya rufe littafin ya wuce zanar gaba.

Da aka buɗe lakwal, mushe, wato malamin aji, ya kira Hajara. Na tsaya jikin taga har aka gama kira. Ya ce shi abin da buro, ofishin magajin gari, ya aiko yake bi. Masu littafin za su sake zagayowa sau ɗaya bayan girbi, amma sai uwa ko uba ya faɗa da bakinsa, don kada a cusa yaran wasu.

Mu shida muka wayi gari ranar Talatar nan. Huɗu muka iso. Littafi ya ce uku.

Jiya Inna na tankaɗe, na durƙusa gefenta, ban dubi fuskarta ba.

Na ce, "Inna, in sun dawo, zan tafi bakin rijiya don kada in ji. Ki faɗa musu sau ɗaya."