Ruwa a Ƙarƙashin Gada

A Madina ruwan sama ba ya da damina irin wadda Inna ke ba mu labari ta ƙasar kakanninmu. Namu sai lokacin sanyi yake zuwa, wata shekarar ma da ƙyar yake jiƙa ƙasa. Shi ya sa da yawanmu mun iya tuƙi, amma ba mu san tuƙi cikin ruwa ba. Ni kuwa sai da na haura arba'in na koyi mota, kuma saboda Inna na koya. Ana yi mata wankin ƙoda sau uku a mako a wani asibiti da ke gaba da Ƙuba, mu kuma muna zaune a Al-Awali, tsakiyar gonakin dabino. Yayana da ke kai ta an mayar da aikinsa Yanbu.

Ranar da nake magana, tun da asuba saƙon masu hasashen yanayi ya shigo wayata. Launin gargaɗin da ya kwana ruwan ɗorawa ya wayi gari ja, alamar babban haɗari: ruwa mai ƙarfi, ƙanƙara, da ambaliya a kwaruruka. An rufe makarantu. Na kira asibitin, ma'aikaciyar jinya ta ce Inna ta riga ta yi kwana biyu ba wanki, ƙafafunta kuma na ga yadda suka kumbura, don haka fashi ba zai yiwu ba. Inna ta fita tsakar gida da sandarta, ta daɗe tana duban yamma, ta ce gwiwoyinta sun gaya mata tun jiya, amma ba zai sauko ba sai bayan azahar. Na yarda da ita domin ina son in yarda.

Mun je lafiya. Awa huɗu tana kan na'ura, ni kuma ina kai da kawo tsakanin gadonta da taga. Da muka fito, sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Mai gadin ƙofa ya ba ni shawara mu jira a ciki. Amma duk wanda ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda ya san yadda suke fitowa, jiki ba ƙarfi, ba abin da suke so sai gadonsu. Na lulluɓe ta da bargo a kujerar gaba, na ce a raina ai tafiyar ba ta da nisa.

Ba mu wuce masallacin Ƙuba da yawa ba aka fara yayyafi. A danja ta farko na taka birki, sai na ji motar ta ci gaba da tafiya ita kaɗai, gindinta yana karkata. Maiƙon da ya taru a kwalta wata da watanni ya haɗu da ruwa ya zama kamar sabulu. Da ƙyar ta tsaya. Daga nan ƙanƙara ta sauko, tana dukan rufin mota har ba na jin abin da Inna ke faɗa. Waifa tana aiki iya ƙarfinta, ban ga komai ba sai jajayen fitilun motar gabana. Su na bi, ban ma lura hanyar ta fara gangarawa ba.

Akwai inda titinmu ke bi ta ƙarƙashin gada. Sau nawa na wuce wurin ban taɓa tunanin rami ne ba. Ran nan ya cika da ruwa ja, ganyen dabino da robobi suna juyi a kai. Motar gabana ta kauce gefe, sai na ga wani magidanci sanye da kayan aikin gona tsaye tsakiyar titi, yana kaɗa rawaninsa yana tsayar da mutane. Na tsaya. Wata babbar mota a bayana ta yi ta danna hon, da mai ita ya gaji ya zagaye ni, ya zagaye mutumin, ya shiga. Ina kallo fitilunsa suka mutu, motar ta taso kamar ƙwarya, ta juya ta bugi bango. Maza suka ruga da igiya, suka jawo shi ta taga.

Ni kuma na kasa motsi. Ruwa na gangarowa daga bayana, ina jin yana dukan ƙasan motar. Ƙafata tana kan birki, ina tsoron in ɗaga ta mu zame ciki. Na san ribas ya kamata in sa, amma wallahi na dubi giyar kamar ban taɓa ganinta ba. Abin da ke kaina ɗaya ne, ko da an buɗe ƙofa Inna ba za ta iya taku uku cikin wannan ruwan ba.

Mai rawanin ya ƙwanƙwasa gilashi, na sauke. Ya fara yi mini magana da Larabci, sai ya ji Inna tana cewa Allah ka fid da mu, nan take ya juya harshe. Hausarsa irin ta mutanen Cadi ce.

"Hajiya, ki kwantar da hankali, za ku fita," ya ce da Inna. Sannan ya dube ni. "Ƙanwata, kar ki kalli ruwan, ni za ki kalla. Sa ribas, ƙafarki tana kan birki. Yanzu saki kaɗan-kaɗan."

Ya dafa ƙofata yana tafiya tare da motar, ruwa har gwiwarsa, yana gaya mini inda zan karya sitiyari, har muka hau tudu kusa da wani gidan mai. Ya ce kar in tashi sai ruwa ya janye, in na tashi kuma in riƙa taɓa birki a hankali har ya bushe. Kafin in haɗa kalmar godiya ya koma wajen gadar.

A gidan man muka zauna har bayan la'asar. Inna ta yi barci, ni kuma ina ta sa hannu kusa da hancinta. Da muka isa gida na kasa zare makullin mota, sai maƙwabciyarmu ce ta zare, ta kama Inna suka shiga.

Kwana biyu bayan haka ranar wanki ta sake zagayowa. Gari ya yi garau, sanyi kawai. Na zauna cikin mota ban tayar da ita ba, har Inna ta tambaye ni ko mun fasa ne. Na tayar, muka bi doguwar hanya ta sama wadda ba ta bi ta ƙarƙashin gada, kuma ita muka ci gaba da bi har sanyin shekarar ya wuce.