Gulnaz Ba Ta Yi Sata Ba

Fuffo Shagufta yayar babana ce, kuma a duk layinmu na cikin tsohon garin Multan da wuya ki sami amaryar da aka kai ɗakin miji cikin shekara talatin ɗin nan ba tare da allurarta ta taɓa kayanta ba. Gajeruwar mace ce mai faɗa, da tabarau ɗaure da zare ta ƙeya. Mijinta ya rasu tun ina goye, ba ta haihu ba, ba ta kuma sake aure ba. Ta dawo gidanmu ta kama ɗakin ƙasa, ta kafa keken ɗinkinta a bakin taga. Ni sunana Tehmina, ina aikin karɓar mutane a wani ɗakin gwajin jini, kuma ni ce na yi mata abin da zan faɗa. An fi shekara da yi, amma kunyarsa ba ta sake ni ba.

Abin da kowa ya san Fuffo da shi shi ne ragowar yadi. In kin kawo mata ɗinki, ranar karɓa za ta ba ki kayanki, sannan ta ɗora miki ɗan ƙunshi a kai. Duk ƙyallen da almakashi ya zubar, ko bai kai tafin hannu ba, ta naɗe shi ta ɗaure. Mata, da ke kiran ta Baji, wato yaya, kan yi dariya su ce, "Baji, me zan yi da wannan tarkacen?" Ita kuma ta ce, "Ki zubar a gidanki, ba a nawa ba." Tun tana koyon sana'a ta ga an zargi malamarta da yanka wa 'yarta riga daga yadin mutane, ta kuma ga yadda matar ta ƙare babu mai kawo mata ko facin wando. A wajen Fuffo, gara ki zage ta da ki ce ƙyallenki bai cika ba.

Shekara biyu da suka wuce aka yi wani wasan kwaikwayo a talabijin da ya tafi da hankalin mata, labarin Shahmir ɗan masu gonakin auduga da matarsa Arisha. Da aka gama shi, mata suka ƙi yarda ya ƙare. Aka buɗe zaure a waya, mu wajen dubu huɗu, kowa na rubuta ci gaban labarin yadda ranta ke so. Doka ɗaya ce mai ƙarfi a zauren: in kin sako wani mutum naki wanda babu shi a wasan, sai kin rubuta a sama don a sani. Irin waɗannan mutanen 'yan gayyar soɗi muke kiran su, kuma yawancinmu da mun ga sanarwar muke wucewa. Don Shahmir da Arisha muka taru.

Fuffo ta kalli wasan tun daga farko har ƙarshe tana tsaki. Wata rana muna cin gurasar roti da miyar wake ta ce, "Kashi talatin, yarinyar nan kullum da sabuwar riga, ba a taɓa nuna wadda ta ɗinka ba. Aljanu ke yi mata?"

Na ce, "To ke ki rubuta mana, Fuffo." Da wasa na faɗa, ita kuwa ta riƙe.

Matsalar ita ce Fuffo rubutunmu na Urdu kawai ta iya karantawa, zauren kuwa da baƙaƙen boko ake rubuta Urdun, waɗanda a idonta ba su da maraba da tururuwa. Sai muka yi tsari. Duk Juma'a da rana, tunda rabin wuni nake yi a wurin aiki, zan zauna kan tabarma kusa da kekenta, tana taka keke tana faɗa, ina bugawa a waya, in saka a zaure da sunanta. Mako mai zuwa kafin mu fara, in karanta mata abin da masu karatu suka ce.

Haka aka haifi Gulnaz mai ɗinki. Ta shigo gidan su Shahmir don auna Arisha, sai ta ƙi fita daga labarin. Tana yawo da tef a wuya, allurai a baki, kuma babu wanda ta raga wa. Uwar Shahmir ta ce rigarta ta tsuke, Gulnaz ta ce, "Uwargida, yadi ba ya tsukewa a cikin akwati, ke ce kika buɗe." In Fuffo ta faɗi irin wannan sai ta tsayar da keke ta yi dariya har ta cire tabarau. Ban taɓa ganin ta haka ba, ko a biki.

Masu karatu kuwa ba su yi dariya ba. "Wace ce wannan tsohuwar kuma?" "Mun zo ganin masoya an kawo mana tela." "Marubuciya, in ke ce Gulnaz ki faɗa mana mu aiko miki da ɗinki." Da Juma'a ta zagayo Fuffo ta ce, "To, me suka ce?" na dubi wayar na shiga ƙirƙira. Na ce an ce Gulnaz ta yi daɗi, an ce a ƙara. Na gaya wa kaina tausayinta nake ji. Gaskiyar kuwa ita ce kaina nake karewa, don 'yan wurin aikinmu uku suna zauren, sun kuma san Shagufta yayar babana ce. Sidra, wadda ke ɗibar jini, duk sanda zan tashi sai ta ɗaga murya ta ce, "Tehmina, a gaida mana Gulnaz!" Sauran su kwashe da dariya, ni kuma kunnuwana su yi zafi har in isa gida.

A mako na goma sha ɗaya Fuffo ta faɗi wani kashi mai kyau, inda Gulnaz ta zauna tana gyara wa Arisha rigar da ta yage tana ba ta labarin farkon aurenta. Na buga shi tsaf a gabanta. Da na hau sama ɗakina sai na ajiye shi gefe na rubuta nawa. A nawa, Arisha ta buɗe jakar Gulnaz ta tarar da yankakken siliki daga kayan amarya, aka tara masu aiki, aka kori Gulnaz daga gidan a gaban kowa. Ina iya sa ta tafi ƙauye jinyar wani, ina iya sa ta yi aure. Sata na zaɓa, don na san ita ce za a yarda da ita nan take a kan mai ɗinki, kuma a ɗakin Fuffo na koyi hakan. Na saka shi da sunanta.

Zauren ya ɗauka. "Alhamdulillahi, an rabu da ƙaya!" "Dama ni tun farko ban yarda da idonta ba." "Yanzu kika zama marubuciya." Sharhi ya fi ɗari uku, abin da ba mu taɓa samu ba. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Washegari Sidra har shayi ta saya min. Mako biyar na yi ina riƙe da labari biyu: na Fuffo, wanda nake bugawa ya tsaya a wayata, da nawa na masoya zalla, wanda ke fita da sunanta. Ita tana can tana gina wa Gulnaz shago a bakin kasuwa, ba ta san an daɗe da korar ta ba.

Ranar da abin ya fashe, Juma'a ce mai zafi, lokacin mangwaro. Rubina matar mai alewa ta zo karɓar kayan 'yarta, ni kuma na shiga haɗa shayi. Ina fitowa da tire na ji Rubina tana dariya, tana jinjina ƙunshin ƙyalle a hannu.

"Baji, a cike yake dai ko? Ko Gulnaz ta taɓa?"

Fuffo ta ɗago kai. "Me Gulnaz ta yi?"

"Au, ke da kika rubuta kike tambayata? Wallahi kin burge ni. Ba kowace mai ɗinki ce za ta tona asirin sana'arsu ba. Ni har na ce wa 'yata, kin ga, Baji da kanta ta faɗa, dukkansu suna yi."

Fuffo ba ta dube ni ba. Ta sauke ƙafarta daga keke ta ce, "Rubina, ke kin iya bokon nan. Karanta min wurin." Rubina ta zaro wayarta ta fara da fara'a, tana kwaikwayon murya, har ta kai inda aka zazzage jakar a tsakar gida. A nan ta lura babu mai dariya a ɗakin, muryarta ta yi ƙasa. Ni ina tsaye a ƙofa da tire, na kasa ajiyewa na kuma kasa komawa.

Na yi zaton za ta mare ni, kuma da ta yi da na ji sauƙi. Sai kawai ta ce, "Ajiye, ki zauna. Abin da mutane suka ce za ki karanta min, tun daga ranar farko. Rubina, zauna kusa da ita ki sa ido."

Na karanta. Duk zagin da na ɓoye mako goma sha shida na furta shi da bakina, ɗaya bayan ɗaya, Rubina na leƙa wayar ta kafaɗata. Abin mamaki, zagin bai dame ta ba. Da na kai kan wadda ta ce an kawo musu tela, har murmushi ta yi ta ce, "Wannan tana da baki." A banza na yi ta ƙarya, matar da ta yi shekara talatin tana fama da iyayen amare ba sharhin waya ne zai kayar da ita ba.

Sai muka iso ƙarƙashin kashin satar. A tsakiyar masu murna akwai wani sharhi da na gani tun a lokacin na yi saurin wucewa. Wata Farzana ce daga Bahawalpur. Ta rubuta cewa mahaifiyarta mai ɗinki ce, idonta ya mutu shekara huɗu, duk mako ita ke karanta mata Gulnaz, tsohuwar tana dariya tana cewa wannan ta san aiki. "Yau na karanta mata har ƙarshe kafin in gane inda aka dosa. Ta juya fuska bango ta ce kar in ƙara."

Fuffo ta ce, "Sake karantawa." Na sake. Sannan ta ce, "Ashe akwai mai ji."

Na fara kuka ina cewa ta yafe min. Ta ce, "Kukan nan ba ni ya kamata ki yi wa ba. Rubuta wa yarinyar nan. Ki ce ta gaya wa uwarta Gulnaz ba ta yi sata ba."

"Da sunanki zan aika?"

"Da sunana kika yi ƙaryar. Gaskiyar ki yi da naki."

Na rubuta a cikin zaure inda kowa zai gani, da sunana, na faɗi abin da na yi, na kuma saka kashi biyar ɗin nan na Fuffo da na danne. Wasu suka zage ni, wasu suka ce su dai nawa ya fi musu daɗi, Sidra ta yi mako ba ta iya haɗa ido da ni ba. Na aika wa Farzana saƙo ita kaɗai, sai na tarar ta fita daga zauren tun ranar da ta yi sharhin. Saƙon yana nan, babu alamar an buɗe.

Fuffo ba ta ƙara faɗa min ko layi ɗaya na Gulnaz ba. Ba ta yi gaba da ni ba, tana ɗinka min kaya, tana ajiye min abinci in na yi latti. Amma duk Juma'a in na dawo daga aiki sai ta tsayar da keke ta ce, "Ta amsa?" In ce, "A'a, Fuffo," kuma gaskiya nake faɗa. Sai ta miƙa hannu ta karɓi wayar, ta ba duk matar da ta zo karɓar ɗinki a ranar, ta ce, "Duba min, don Allah."