Durƙuson Auta a Bakin Rijiyar Wasa

A gidanmu babu wanda ya kai ni tsanar wasan nan. Ƙato da gemunsa, malamin asibiti guda, zai zo hutun sallah ya sami tabarma ya miƙe yana ta dannar waya, wai yana yaƙi da dodanni shi da waɗansu mutane da bai taɓa gani ba. Autanmu ke nan. Ni na goye shi, don haka ba na taunar magana in zan gaya masa. Na ce ɗalibaina 'yan aji ɗaya ma sun fi shi abin yi. Ya yi dariya ya ce, "Bari dai, Yaya, wata rana ke da kanki za ki biɗo ni in koya maki."

Ba a jima ba aka tura shi aiki wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye gaba da Fakku, cikin ƙasar Kebbe. A lokacin Inna, mahaifiyarmu, ta baro Jabo ta dawo wurina a Tambuwal tun bayan rasuwar mahaifinmu. Lokaci ne kuma da kullum sai an ji 'yan bindiga sun shiga wani ƙauye ta can. Garin da aka kai shi babu sabis sai an hau wani dutse a bayan asibitin, can ma layi ɗaya tak yake nunawa a fuskar waya. In ya kira, "alo, alo" kawai za mu ji ta katse. In ya turo saƙo, sai ya kwana ya wuni a hanya. Ranar da ba a ji shi ba kuwa Inna ba ta cin abinci, ni kuma sai in huce kan yara.

Shi ya gano cewa wasan nan yana tafiya ko da layi ɗayan ne. Da ya zo ƙarshen wata ya sa mini shi a waya, yana murmushin mugunta don maganarsa ta tabbata. Ya yi mini bayani, na saurara ba don ina so ba. Garin da nake gani a fuskar waya, da gidajensa da itatuwansa, duk suna cikin wayata tun ranar da aka sauke wasan. Abin da ke bin iska ɗan kaɗan ne, wane ya taka gabas, wane ya zauna. Wayata kuma ba ta magana da tasa. Kowace tana kai rahoto ne ga wata babbar kwamfuta a wata ƙasa, wadda ya kira saba, ita ce ke yanke abin da ya faru ta kuma sanar da kowa. Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa ta ce, "Uwar ɗakinsu ke nan." Sunan da ya bi ta ke nan a gidanmu.

Ɗan mutumin da yake wasa da shi mai magani ne, da farar riga da sanda. Ni kuwa na zaɓi wata ƙatuwar mayaƙiya mai gatari. Inna ta leƙa ta ce ko a cikin waya ban bar faɗa ba. Muka yi da shi kullum bayan la'asar zai hau dutse, mu haɗu a bakin wata rijiya a tsakiyar garin wasan. Akwai wurin rubutu a wasan, amma wata ƙofa yake bi daban, kuma daga can ba ya cika fita. Inna ma ba ta damu da shi ba, ita motsin take son gani.

Ranar farko da ya zo ya tsaya a gaban mayaƙiyata, Inna ta ɓata rai. "Wanga ɗa, haka nan aka gaida mutane, tsaye awa soja?" Da ya dawo gida na isar masa da saƙon. Ya bincika ya samo wurin da ake dannawa mutum ya durƙusa. Daga ranar, in ya iso rijiya sai ya durƙusa sau ɗaya. Inna ta amsa da ƙarfi, ta tambaye shi aiki da ruwa da gajiya, ta yi shiru daidai tsawon amsa, ta ce madalla. Shi kuma ya zagaya rijiyar, ya zauna a ƙasa, a hankali ya dushe. Haka wasan yake yi wa wanda ya yi sallama ya fita da kansa.

Sauran abin da na sani a kan wasan, haushi ne ya koya mini. Wata rana sabis ya tsaya mini, na danna sara mayaƙiyata ba ta sara ba, na yi ta danna da zuciya. Da sabis ya dawo sai ga ta tana ta saran iska ba ƙaƙƙautawa, Inna tana dariya har da riƙe ciki. Auta ya ce irin waɗannan saƙonni ba a zubar da su. Waya jera su take yi, ta yi ta aikawa har uwar ɗaki ta ce ta karɓa, sannan a aikata su ɗaya bayan ɗaya. Wata rana kuma na ga ɗan mutuminsa yana tafiya, kwatsam ya koma baya kamar an fizgo shi da igiya. Na ce wasansa ya lalace. Ya ce lafiyarsa lau. In labari ya daina zuwa, wayata ba ta son in ga mutum ya daskare, sai ta ci gaba da tafiyar da shi inda ta ga ya dosa, tana zato. In gaskiya ta iso daga uwar ɗaki, ta mayar da shi inda yake. In kuma shirun ya yi yawa, uwar ɗaki ta gaji da jira ta cire shi. Na ce to waya ma ta iya ƙarya. Ban san wannan bayanin zai zame mini kaya ba.

Abin ya faru cikin damina, gero ya yi tsawon da zai ɓoye mutum da babur ɗinsa. Kowa ya san lokacin ne aka fi jin tsoro a ƙauyuka. Mun idar da la'asar, muna zaune a inuwar ɗaki, waya a kan cinyata, Inna ta matso da kanta kusa. Sai ga farar riga ta ɓullo daga ƙarshen layi, tana nufo rijiya. Inna ta gyara zama ta shirya amsa gaisuwa.

Bai tsaya ba. Ya wuce mayaƙiyata, ya wuce rijiyar, bai waiwaya ba, ya miƙe sak har ya kai ga bangon wani gida. Can ya haɗa goshi da bango, ƙafafunsa suna ta tafiya, shi kuma ba ya gaba.

"Yau hanzari shika yi," in ji Inna. "Halan marasa lahiya sun yi mai yawa."

Na san wannan tafiyar ba tasa ba ce. Tun kafin ya kai rijiya labari ya yanke daga can, wayata ce take jansa. Sabis yakan yanke, ba yau aka fara ba, amma kullum yakan dawo kafin a je ko'ina, a fizgo shi baya mu yi dariya. Na zuba wa wayar ido ina jiran fizgar. Ana cewa rashin sani ya fi dare duhu, amma a ranar na yi kwaɗayin rashin sanin Inna. Tana kallon ɗanta yana tafiya, ni ina kallon uwar ɗaki tana jiran amsar da ba ta zuwa, na kuma san jiranta yana da iyaka.

Ya ɓace a tsaye, bai zauna ba, bai dushe ba. Yanzu yana nan, yanzu sai bango.

Inna ta dube ni. "Mi af faru? Bai zamna ba."

Na ce sabis ne. Muryata ma ba ta yarda da ni ba. Na kira lambarsa aka ce a kashe take. Na sake kira, na sake, har Inna ta ɗora hannunta a kan nawa.

Kafin magariba maƙwabcinmu ɗan kabu-kabu ya dawo daga tasha ya yi sallama da maigidana a ƙofar gida. Ina daga zaure ina jin su. Ya ce an shiga ƙauyukan gaba da Fakku tun da rana tsaka, mutane sun watse cikin gero, an tafi da waɗansu, an kuma tattara wayoyin mutane. Bai san sunayen garuruwan ba. Maigidana ya fita neman wanda zai kai shi, babu direban da ya yarda ya bi hanyar. Ban gaya wa Inna ba, ita ma ba ta tambaye ni ba. Ta dai ɗauki carbinta, tuwon da na kai mata ya huce a rufe.

Maganar tattara wayoyi ce ta tsaya mini a rai. Auta ya taɓa gaya mini cewa uwar ɗaki ba ta san fuskar kowa ba. Ranar da ka fara shiga take ba wayarka wata shaida, wayar ta ajiye, daga nan duk wanda ya buɗe wasan a wayar, a wurinta kai ne. A lokacin faɗa na yi masa, na ce ya sa wa wayarsa makulli, ya ce yaran asibiti suna aron wayar don tocila, makulli wahala ne. Yanzu sai na rasa abin da zan roƙa. In bai dawo rijiya ba, tsoro. In ya dawo, ban san hannun wa ke tafe da shi ba. Na riƙa ganin wani a gindin itace, bindiga a jingine, yana dannar wayar ƙanena don nishaɗi, mu kuma muna nan muna amsa masa gaisuwa.

Kwanakin da suka biyo baya na je makaranta, na tsaya a gaban allo, ban san me na koyar ba. Wata ɗaliba ta yi dariya a baya na yi mata tsawar da har yau nake jin kunyarta. Kowace la'asar Inna takan zo ta zauna kusa da ni, ni kuma in buɗe wasan. Mayaƙiyata ta tsaya a bakin rijiya da gatarinta, baƙi suna wucewa, wasu a kan dawakai, wasu suna tsalle-tsallen banza. Na tsane su duka don suna lafiya. In rana ta sauka daga kan katanga sai in rufe, Inna ta tashi ta yi alwala.

Ranar da ya dawo an yi ruwa da safe, tsakar gida duk laka. Ban ga zuwansa ba. Na ɗaga ido ne kawai na ga farar riga a tsaye, can kafin rijiya, daidai inda uwar ɗaki ta ji shi na ƙarshe, nesa da bangon da wayata ta kai shi.

Inna ta kama hannuna. "Ga shi nan."

Na ga ba zan iya barinta ta yi wa baƙo marhabin ba. Na ce, "Inna, dakata. An ce an amshe wayoyin mutane. Duk wanda ya riƙe wayar, haka za mu gan shi. Uwar ɗaki ba ta bambancewa."

Ban taɓa gaya mata an shiga garuruwan ba, amma ba ta yi mamaki ba. Ta saki hannuna, ta gyara lulluɓinta, ta ce, "Ita ba ta sani ba, ni na sani. In nawa na, ba shi tsayawa bisa kaina."

Muka zuba ido. Yana tsaye, sanda a hannu, ko motsi babu. Kaza ta bi ta kan tabarma ba wanda ya kore ta. Na ƙara matso da wayar gabanmu. Ina ta cewa a zuci, wanda bai san mu ba ne, yana laluben yadda ake tafiya, yanzu zai juya ya bi wani layi. Na ji tsoron ya motsa, na ji tsoron ya sake ɓacewa a tsaye. Inna ta daina jan carbi. Tsayuwar nan ta yi tsawon da har na fara tunanin yadda zan ɗauke wayar daga gabanta.

Sai ya durƙusa.

Ya miƙe, ya sake durƙusawa. Ya miƙe, ya durƙusa. Bai taka ko'ina ba, daga inda yake yake ta yi, sama da ƙasa, ba hutu. Inna ta dube ni a tsorace, don ba haka ya saba ba. Ni kuwa na tuna da mayaƙiyata tana saran iska, sai hawaye suka zubo mini. Na ce, "Shi ne, Inna. Dannawa ya yi ta yi, saƙon bai fita ba. Yanzu suke isowa."

Daga baya ya ba ni labari. Yana kan dutsen ya ji harbi, ya kashe wayar ya faɗa cikin gero tare da mutanen garin, suka yi nisa, ba su komo ba sai da aka tabbatar an tafi. Da ya hau dutsen ya gwada kira bai shiga ba, ya buɗe wasan. Ya ga mayaƙiyata a bakin rijiya, ya san Inna tana gefena. Ya danna gaisuwa ɗan mutumin bai motsa ba, ya ɗauka ba ma ganinsa, sai ya ci gaba da dannawa, bai san sau nawa ba.

A ranar dai ba mu san wannan ba. Abin da ke gabanmu farar riga ce tana ta kai gwiwa ƙasa. Inna ta karɓi wayar daga hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba, ta riƙe ta da hannu biyu kusa da fuskarta.

"Na amsa, auta," ta ce. "Lahiya lau muke. Ya isa haka nan, tashi."

Saƙonninsa ba su gama isowa ba. Ya miƙe, ya sake durƙusa mata.