Matasai Yaya Sahabi ya ce, ni na kai matasa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sahabi, mai ɗinkin katifa da matasan kai a Tsafe. Allah Ya jiƙansa. Da na so in bar ranar ta wuce da addu'a kawai, amma 'yan'uwa sun taso da maganar sare rimin da ke gonarmu ta gado, wanda daga shi yake samun audugar sana'arsa. Na ce ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Ni bakanike ne a Gusau. Shekaru na yi ina tuttular da baƙin mai a kwata ba tare da na ji komai a raina ba. In Yaya ya zo garejinmu sai ya tsaya bakin kwatar ya ce, "Wanga mai, ina shi ka zuwa?" In ce ruwa zai tafi da shi. Ya ce, "Ruwan wa?" Haushi yake ba ni, don a ganina mai cusa matashi bai isa ya koya mini aikin mai ba.

Wata rana ina Tsafe da hantsi, tankar dizal ta kife a hanyar Funtuwa, man ya gangara cikin tafkin da shanu ke sha. Daga tafkin nan ruwa ke bin wata 'yar ƙorama zuwa lambunan mutane. Masu jarka suka kwashi na kwasa, sauran ya shimfiɗu a kan ruwa yana ƙyalli. Wasu suka watsa yashi, wani ya zazzaga garin sabulu, man ya ƙara bazuwa. Da muka isa wurin ni da Yaya, ya dubi bakin ƙoramar ya ce da ni, "Hau babur, ka ce a kawo matasai, duk na gari."

Na tafi a guje. Da na isa ƙofar mai unguwa, abin da ya fito daga bakina shi ne a turo matasa. Sai ga ni na dawo da samari riƙe da shebur, ina jin na yi abin kirki. Yaya ya dafe kai ya ce, "Mi kak kawo min? Matashin kai nic ce, na kwana!" Har yau a Tsafe akwai masu kirana Ɗan Aike.

Bai tsaya faɗa ba. Ya tura samarin gida-gida, suka dawo da matasai a kai. Yana matsa kowanne da hannu, na tsumma da na soso ya ture gefe, ya ce waɗannan ruwa za su sha su nutse. Na audugar rimi kaɗai yake farkewa. Ya ɗura ta cikin tsofaffin gidajen sauro, ya ɗinke su dogaye, aka gitta su a bakin ƙoramar. Da idona na ga audugar tana yawo a saman ruwa, tana shanye mai tana barin ruwan. In ta ƙoshi a matse ta cikin duro a mayar. Ba zan yi muku ƙarya ba, kifi ya mutu, shanu sun daɗe ba su sha tafkin ba. Amma albasa da tumatirin lambunan nan sun kai kasuwa. Ranar na yarda abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Katifar soso ta kashe sana'arsa, gareji da injin ban-ruwa sun ƙaru, kowanne yana zubar da nasa man. Masu yankan katako daga Bunguɗu sun zo sun auna rimin da igiya, 'yan'uwa suna cewa ice ne da ba ya ba da 'ya'yan ci, inuwarsa kuma tana cin gona. Na san ba zai yi dogon wa'azi ba. Tambayar nan tasa zai maimaita.

Ni dai tun bayan rasuwarsa na daina zubar da mai a kwata. Ina tara shi a duro, na kuma gitta buhun audugar rimi a bakin kwatar garejin saboda wanda ya tsiyaye. Abokan aiki suka yi ta dariya, yanzu uku daga cikinsu suna zuwa roƙon audugar. Da tsohuwar zuma ake magani. In aka sare rimin, ina zan samo musu?

Saboda haka na gaya wa 'yan'uwa a cire rabona na gonar daidai inda rimin yake, ko da nan ne mafi ƙarancin amfani. Sun ce na zaɓi inuwa na bar dawa. Na ji, na ɗauka.

Yaya bai bar gida na siminti ba, allurarsa ma ta yi tsatsa. Abin da ya bari shi ne icen nan, da saƙon da na taɓa kaiwa a karkace. Bazara ta kusa, kwanson rimi zai fara fashewa, kuma ni kaɗai ba zan iya tsince shi ba. To ga saƙon Sahabi, wannan karon daidai: a kawo matasai. Matasan ma su zo, akwai aiki.