Bijimin Da Muka Ƙi Binnewa

Ina kasuwar Kebbe wani mai kabu-kabu ya same ni, ya ce in hau mu tafi, ƙanena ya cika a asibiti. Ban tambaye shi komai ba, don na san abin da ya kai shi.

Ni manomi ne a Fakku, karatuna bai wuce firamare ba. Ɗiyata ta fari tana jami'a a Sakkwato tana karatun likitancin dabbobi. Na bar ta ne kawai, amma a raina ina ganin babu abin da takarda za ta koya wa wanda ya tashi cikin shanu.

Tana gida hutu bijimin huɗarmu ya faɗi. Da safe lafiya lau yake, kafin azahar yana shure-shure. A wurinmu ba a tsayawa shawara, wuƙa ake kaiwa kafin dabba ta zama mushe, a yi watanda. Ƙanena ya yanka. Da ɗiyata ta fito ta ga jinin baƙi ƙirin, ya ƙi daskarewa, har ta hanci yana zuba, sai ta roƙe mu kada a feɗe. Ta ce tana zaton ciwon saifa ne, yana kama mutum, a haƙa rami mai zurfi a binne. Ƙanena ya yi dariya, ya ce likitar shanu ba ta karɓi takarda ba ta fara hana talaka romo. Ta dube ni. Na ce ta shiga gida, maza na magana.

Bayan 'yan kwanaki wani baƙin gyambo ya fito wa ƙanena a wuya, inda ya saɓa fatar. Ita ce ta bi gida gida tana lallashin duk wanda ya taɓa naman. Waɗanda suka je asibiti da wuri sun tashi. Shi ya ce maruru ne, sai da wuyan ya kumbura aka ɗauke shi.

Da aka share makoki na raka ta makaranta. Malaminta ya sa na leƙa ta wani madubi mai ƙara girman abu, na ga irin ƙwayar cutar: 'yan sanduna sirara a jere, waɗanda ido ba ya gani. Ya ce suna iya kwanciya cikin ƙasa shekara da shekaru suna jira. Abin da bai kai ƙura ba ya kayar da bijimi da ƙato, kuma Allah ya sanar da yarinyar da na goya yadda za ta gane shi daga kalar jini.

'Yan'uwa, dabbar da ta faɗi farat ɗaya, kada wuƙa ta riga mai sani isa gare ta, ko da mai sanin ɗan cikinku ne.

Ɗiyata ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Matar ƙanena kuwa, har yau ban gaya mata cewa an gargaɗe mu ba.