Fis a Bakin Zani

Inna ta shigo gidan nan tana amarya ta tarar yana cizo, ta kuma tsufa a cikinsa bai daina ba. Cizo shi ne sunan da 'yan gidan suka sa wa jan wutar lantarki. Firiji na cizo, famfon banɗaki na cizo in an kunna hita, ƙofar ƙarfe ta kicin kuwa sai an yi ruwan sama take nuna nata halin.

Mai wannan aika-aika mijinta ne, tsohon direba da unguwa ke kira Na-iya, don ba a taɓa nuna masa abin da ya lalace ya ce a kai wa gwani ba. Shi ya ja wayoyin gidan guntu-guntu, ya naɗe mahaɗarsu da salatif, inda salatif ya ƙare ya cike da leda. Babban abin taƙamarsa fis ɗin da ke gefen mita. Siririyar wayar cikinsa ta taɓa ƙonewa, sai ya ɗaure shi da murtukekiyar waya.

"Na maƙwabta kullum yankewa yake," in ji shi. "Nawa ko gezau."

Haka Inna ta yi renon 'ya'yanta da umarni biyu: sa silifa, kama da tsumma. Ƙanƙara take sayarwa, don haka wuni take tana buɗe firijin nan kamar mai ɗaga tukunya daga wuta. Ba ta taɓa ɗaga wa mijinta murya ba, har mutane suka ɗauka ba ta da ita.

Da sabuwar doka ta fito, cewa kowane gida sai ya binne wayar ƙasa mai janye wutar da ta ɓalle, ya sa makunni mai yanke wuta da kansa, kuma aikin da mutum ya yi da hannunsa sai mai gyaran wuta mai lasisi ya duba, Na-iya dariya ya yi. Wai ba a haifi yaron da zai koya masa bangon gidansa ba.

Ana nan sai autarsu ta kawo musu ziyara da 'yarta mai koyon tsayuwa. Wata safiya, an gama goge ƙasa ke nan, yarinyar ta rarrafa ta dafa firiji za ta miƙe. Ƙarar da ta yi ba irin ta kukan yara ba ce. Inna ta fizgo ta ta bayan riga. Yarinyar ta rayu, amma tafin hannunta ya yi ja, jikinta na ta karkarwa.

Na-iya ya leƙo. Shi ma ya tsorata, amma abin da bakinsa ya iya fitarwa shi ne, "Wa ya bar ta ba takalmi?"

Inna ta miƙa yarinyar ga uwarta. Ta ja kujera zuwa gindin mita, ta hau, ta kashe babban makunni, ta zare fis, ta ƙulle shi a bakin zaninta tare da mabuɗin ɗaki.

"Ke, me ke nan?"

"Malam, jaririya ce za ta sa silifa? Wuta ba za ta sake shiga gidan nan ba sai an yi abin da doka ta ce."

"Ai sai in haɗa da wata waya."

"Haɗa. Da ƙafata zan je in kira ma'aikatan wuta, in nuna musu ledojinka ɗaya bayan ɗaya."

Ƙanƙara ta narke, masu saye suka koma gidan gaba. Fanka ta tsaya, zafi ya gasa kowa. Ƙanen Na-iya ya zo ban baki, ya ce haba Yaya, a rufa wa dattijo asiri. Ta ba shi ruwa mai ɗumi, ta ce asirin yana bakin zaninta a rufe.

Ƙarshe dai Na-iya ya fita, ya dawo da naɗin sababbin wayoyi da mai lasisi a bayansa. Sharaɗinsa ɗaya: shi zai ja wayar, mutumin ya duba. Da suka fasa bango daidai inda yake ɗora kansa in zai kwanta, suka zaro waya baƙa ƙirin, robarta ta narke. Tun daga nan bai ƙara yi wa mai lasisi gardama ba.

Ranar da aka maido wuta, ya jona tsohuwar hitarsa. Ƙas! Sabon makunnin ya yanke wuta, gida ya yi tsit.

"Kin gani ko? Tun ba a je ko'ina ba ya yanke!"

"Aikinsa ke nan, Malam. Jefar da hitar."

Ya tayar da makunnin yana gunaguni. Inna ta tuɓe silifanta a ƙofar kicin, ta taka ƙasa ƙafa ba komai, ta nufi firiji. Hannunta ya tsaya cak a hanya, yana laluben tsumma. Ta harare shi, ta miƙa shi ƙarfi da yaji, ta damƙi mariƙin.

Sanyi kawai ta ji. Ta daɗe a tsaye riƙe da shi, ranta a ɓace, hawaye na zubo mata, don sai yanzu ta san haka matan wasu gidaje suke buɗe firijinsu tun tuni.