Habila Bakanike da Ramukan Hanyar Bompai

A shekarar 1974 Habila Yakubu ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Kano da akwatin kwano ɗaya da takardar shaidar ya koyi aikin ƙarfe. Mutumin wani ƙauye ne kusa da Kwoi, inda citta ce arzikin kowa. A can ya bar matarsa Rifkatu da 'ya'ya biyu, babbarsu Saratu, da gonar da mahaifinsa ya bar masa. Shirin da suka yi ba sabo ba ne: shi ya riƙe aikin kamfani, ita ta riƙe gona, su haɗu a Kirsimeti da Ista. Rabin mazan ƙauyensu haka suke zaune.

Ya samu aikin kanikanci a wata masaƙa a Bompai, kuma gaskiya Allah ya ba shi hannu da kunne. Injin saƙa ɗari biyu suna ruri a ɗaki ɗaya, mutum ba ya jin maganar na kusa da shi, amma Habila zai tsaya ya karkata kai ya ce na layi na huɗu ne ba shi da lafiya. A je a duba, a tarar haka ne. Aƙidarsa a aiki ɗaya ce: babu injin banza, sai dai ƙarfe guda da ya lalace a ciki. A nemo shi, a kwance, a jefar, magana ta ƙare.

Matsalar ita ce haka yake auna mutane ma. A unguwar Birget inda ya kama ɗaki, akwai mutanen gida da suka bar mata a ƙauye suka ajiye dadiro a birni. Habila ba ya zaginsu, amma yana da wani irin girgiza kai da ya fi zagi ciwo. Ba ya shan giya, ba ya fashin sujada, shi ke jera benci a majami'a ranar Lahadi. In an kawo zancen wani da ya faɗi, sai ya ce, “Ai abu ne mai sauƙi. Ka ga abin da ke ka da kai, ka rabu da shi.” Mai faɗin haka kuwa bai taɓa yin tuntuɓe ba tukuna.

Bayan matarsa da 'ya'yansa, ba abin da yake ji da shi kamar kekensa. Kullum sai ya goge shi, sifoki ɗaya-ɗaya. Hanyar da ta fito daga Bompai ta nufi Birget manyan motoci sun gama cinye ta, amma Habila ya san kowane rami da ke kanta. Wanda za a kauce ya kauce, wanda ba shi da makauta ya sauka ya ɗaga keken ya tsallake. Ma'aikata suna yi masa dariya, suna cewa keken ne ke hawan Habila.

A damina ta 1978 ya fara ɗaukar Rut. Ita mutuniyar wajen Pankshin ce, mijinta direba ne da ya rasu a hatsari, tana naɗe alewa a kamfanin da ke jikin masaƙarsu. Majami'arsu ɗaya, unguwarsu ɗaya. Ranar da abin ya fara, jiniyar tashi daga aikin safe ta kaɗa da ƙarfe biyu, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, bas kuma babu alamarta. Ya gan ta tsaye ta rufe kai da zane, ya ja birki.

“'Yar'uwa, hau mu tafi kafin ya sauko.”

“Allah ya saka, Yaya Habila.”

Ta zauna a kariyar keken a karkace, yadda mata ke yi, ta riƙe ƙarfen ƙarƙashin sirdi. Washegari ma haka. Kafin wata ya cika abin ya zama al'ada. A faɗi gaskiya saboda Allah, Rut ba ta taɓa yi masa wata magana ko wani kallo ba. Hirarta ba ta wuce tsadar itace da tarin da ke damun 'yarta. Shi ma da zuciya ɗaya ya fara.

Wata rana ruwa ya rufe wani rami kusa da inda tireloli ke juyawa, taya ta faɗa. Rut ta firgita ta saki ƙarfen ta kama shi a kugu. Ko ƙiftawar ido biyu ba a yi ba ta saki, ta ce ya yi haƙuri. Ya ce ba komai. Amma har ya isa ɗaki yana jin wurin da hannunta ya taɓa.

Daga nan Habila ya daina ganin ramuka. Ko kuma a ce ya fara ganinsu da kyau. Mutumin da ke sauka ya ɗaga keke, sai ga shi yana saita taya a tsakiyar rami, yana cewa, “Kash, hanyar nan!” Ya fara aske gemu kullum. Wasiƙar da yake rubuta wa Rifkatu shafi biyu ta koma layi shida. Da ya je gida Kirsimeti, ya tarar da ita a tsakar gida tana tsaga citta don shanya, hannuwanta duk sun faffashe, sai ya kama kansa yana gwada su da wasu hannuwan masu ƙanshin minti. Kunya ta kama shi sosai. Amma da ya dawo Kano, ƙarfe biyu ta yi masa a ƙofar kamfanin alewa.

Wanda ya tona shi Malam Inuwa ne, mutumin Ringim mai gyaran keke a gindin dalbejiyar da ke bakin ƙofar masaƙa. Karo na uku ke nan Habila ya kawo masa wilin baya a lanƙwashe. Malam Inuwa ya juya wilin, ya rufe ido ɗaya yana kallon yadda yake rawa.

“Habila, keken nan ya shekara biyu bai san hannuna ba. Yanzu wata huɗu, sau uku. Kai ka daina kauce wa ramukan, ko su ne suka fara bin ka?”

Da wasa ya faɗa, har yana dariya. Habila kuwa maganar ta shige shi. Tsoro ya kama shi, irin na wanda ya waiwaya ya ga nisan da ya yi daga gida bai sani ba. Ya tuna koyarwar da shi da kansa ya sha maimaita wa wasu, cewa abin da ke sa mutum tuntuɓe gara ya yanke shi ya yar, ko da kuwa yana ji da shi kamar idonsa.

Sai ya yi abin da bakanike zai yi. Ya zaro sifana daga aljihun rigar aiki, ya durƙusa, ya kwance notin kariya guda huɗu, ya miƙa wa Malam Inuwa ita.

“Na bar maka.”

Ya hau ya tafi yana jin kansa sakayau. An samo ƙarfen da ya lalace, an cire.

Washegari Rut ta fito ta nufo shi kamar kullum. Ya nuna mata bayan keken ba tare da ya dube ta ba, ya ce kariyar ta karye. Ta kalli wurin. Matar direba ce, ta san bambancin ƙarfen da ya karye da wanda aka kwance. Ta ce, “Ba komai, Yaya,” ta gyara ɗaurin zanenta ta kama hanya a ƙasa. Ranar Lahadi ta bar bencin da ta saba ta koma can baya.

Shi kuma? Sati uku yana wuce ta a hanya, kuma kullum sai ƙafarsa ta yi sanyi a kan feda, idonsa ya bi ta. Kariya tana gindin dalbejiya, abin da ke ransa yana nan daram. A karo na farko a rayuwarsa ya cire ƙarfe injin ya ci gaba da kuka.

Ranar wata Lahadi bayan sujada ya bi Baba Filibus gida. Baba Filibus dattijon ikilisiya ne, tsohon soja da ke gadin wani sito a Dakata, mutum mai ƙarancin magana. Suka zauna a tabarma a inuwar zaure, Habila ya kwashe komai ya faɗa, har ramukan. Tsohon bai yi dariya ba, ko da yake gashin bakinsa ya ɗan motsa.

“Gudun da ka yi daidai ne,” in ji shi. “Wannan abin ba a tsayawa a gwada ƙarfi da shi. Na ga mazan da suka tsaya gaban bindiga, nan kuma suka faɗi. Amma ɗana, ka yi wa keke aiki ka bar mai keken. Ubangijinmu bai ce sai an taɓa ba. Tun daga kallon da aka yi da marmari yake ƙirgawa, don zuciya yake dubawa.”

“To Baba, me za ku ce in yi?”

“Na farko, ka yi ƙarya, ka bar gwauruwa tana zaton ita ce ƙazanta. Ka gyara. Na biyu, ka gudu, amma ina ka nufa? Mai gudun gaske gida yake yi. Ka je ka gaya wa matarka.”

Habila ya zabura. “Baba, ai ban yi komai ba!”

“To me ya kawo ka zaurena?”

Habila ya koma ya zauna. Tsohon ya ce abin nan a ɓoye yake ƙiba, in an fito da shi sarari sai ya rame. Suka durƙusa suka yi addu'a, Habila ya roƙi gafara da bakinsa, ya kira abin da sunansa.

Na farkon a gaban matar Baba Filibus aka yi shi. Habila ya ce wa Rut kariyar ba karyewa ta yi ba, shi ya cire, kuma dalilin daga gare shi yake, ita ba ta da laifin komai. Ta share ido da bakin mayafi.

“Na ɗauka wani ne ya ɓata mini suna a wurinka. Sati uku ban iya cin abinci ba.”

Maganar ta soke shi fiye da faɗa. Daga ranar matan zumuntar majami'a masu aiki a Bompai suka riƙa jiran ta su taho tare.

Na biyun ne dutse. Da Ista ta 1979 ya hau jirgi zuwa Kafanchan, duk hanya yana shirya magana yana rushewa. Ya san abin da zai iya rasawa. Rifkatu ba mace ce mai hayaniya ba, amma in ta rufe fuska ana iya shekara ba a ga haƙorinta ba. Shekara biyar tana noma gonar ubansa ita kaɗai, tana gaya wa matan ƙauye cewa nata mijin daban ne.

A gona ya same ta da hantsi, tana gutsuttsura irin citta a kwando, don ruwan fari ya sauka. Ya tsuguna gefenta ya faɗa mata. Bai rage ba, bai kuma ɗora wa Rut ko ƙwayar zarra ba. Hannunta bai daina aiki ba har ya gama.

“Ka taɓa ta?”

“A'a.”

“Ka so?”

“Na so.”

Ta ɗauki kwandonta ta koma ɗaya gefen gonar. Kwana uku tana ajiye masa tuwo, tana kai masa ruwan wanka, ba ta ce masa ci kanka ba. Ya gwammace da ta rufe shi da duka. Ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma abin mamaki bai yi nadamar faɗa ba, don rabon da ya ji ƙirjinsa ba nauyi haka tun kafin damina.

Ranar komawa ya ɗauki jakarsa ya fita bakin hanya jiran motar Kafanchan, ba wanda ya raka shi. Yana tsaye sai ya hango ta tafe, ƙunshin kaya a ka, tukwane a hannu, yaran biyu suna biye. Irin cittar ta bar wa matar ƙanensa, gonar da ta ci ƙarfinta shekara biyar ta bar ta ba shuka.

“Rifkatu, ina za ki?”

“Kano. Karɓi tukunyar nan, Baban Saratu, ka tsaya kana kallona.”

“Kin yafe mini ke nan?”

“Ban yafe ba tukuna. A can zan yafe, inda zan riƙa ganin ka.”

Su huɗu suka cusu a ɗaki ɗaya a Birget. Ta kama sayar da kunun zaƙi a ƙofar masaƙa, shi ya ci gaba da sauraron injuna har aka rage ma'aikata a 1987. Girgiza kan nan ya bar shi. In aka ce wani ya faɗi, sai ya tambayi inda ɗakinsa yake ya je. Maza da yawa da suka bar mata a ƙauye sun zauna a tabarmarsa, kuma yakan fara da ba su labarin kansa kafin ya ji nasu.

Wani daga cikinsu ya taɓa tambayarsa yaushe ne Rifkatu ta yafe. Habila ya leƙa tsakar gida inda take dama kunu, ya rage murya.

“Ba ta gaya mini ranar ba. Ni kuma ban isa in tambaya ba.”

Daga can ta amsa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Tun a gona, da ka ce ka so. Da ka ce a'a, da har yau ina Kwoi.”